Aku Ya Zama Waziri, Kaka Tana Tsakar Gida: Sharhi a Kan Aikin Abubakar Imam

Ƴan uwa ɗalibai, tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, tambaya guda ke yawo a tsakaninmu: in an shiga aji da Hausa gadan-gadan, wane littafi yaro zai buɗe? Amsar da ta fi saurin fitowa ita ce *Magana Jari Ce*. Wasu har cewa suke ai tatsuniyoyinmu ne kaf a ciki, a buga hotonsa kawai a raba wa makarantu daga Gidan Rumji har Gazawa, magana ta ƙare.

Ni ina ganin maganar ba ta ƙare ba. Marigayi Malam Abubakar Imam ya cancanci a karanta shi, kuma ya cancanci a san me ya yi takamaimai. Shi ne mutumin da ya nuna cewa ba da labari da Hausa zai iya zama sana'ar da ake biya, a kuma koyar da ita a aji. Amma a kan hanyar shiga ajin akwai kayan da aka sauke a ƙofa, kuma yawancinsu kayan kakanninmu mata ne. In za mu gaje shi, gara mu san abin da ya shigar da abin da ya bari.

Daga aji zuwa Zariya

An haifi Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatun allo da na littattafai a gida, sannan ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya fito a 1932 ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina. Wato mushe ne kamar waɗanda suka koya mana a lakwal, kuma garin da yake koyarwa bai kai kilomita 100 daga Maraɗi ba.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da hukumar fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, saboda makarantun boko na Arewacin Najeriya ba su da abin karantawa da Hausa. Daga gasar nan aka samu *Ruwan Bagaja* na Imam, da *Ganɗoki* na wansa Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo. Imam yana da shekara 22 a lokacin. East ya ga yaron yana da baki, sai a 1936 aka ɗauko shi daga aji zuwa Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na Indiya, aka ce ya yi wa yaran makaranta littafin karatu. Cikin wata shida ya yi aikin, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Shekarunsa 25 sa'ad da ya rubuta shi. Ku duba fa, sa'an wasunmu ne.

Daga nan bai daɗe a aji ba. A Janairun 1939 aka fara buga jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, shi ne editanta na Hausa. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin ƴan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta *Tafiya Mabuɗin Ilmi*. Ya shiga majalisa, ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, ya rasu a 1981. Manyan littattafansa na labari duk ya yi su kafin ya cika shekara 30. Bakinsa ne ya kai shi ofis, ofis kuma ya cinye sauran lokacinsa.

Aikin da aka ɗauki aku ya yi

Wanda ya karanta kashi ukun a jere zai ga cewa tarihin ma'aikaci ne ake ba shi. A na farko, aku tsuntsu ne da aka saya da kuɗi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri maci amana yana jiran Musa ya fita a hallaka shi, shi kuwa Musa kullum dare sai ya yi ɗamara zai bi sawun yaƙi. Aku ke tsare shi da labari har gari ya waye. Ladan wannan aiki shi ne wazirci. A na biyu, Waziri Aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ, kowa na kare sunan ubangidansa da labari. A na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari, da faɗa da gyara irin na malami. Samun aiki, kare matsayi, horar da magaji. Sunan littafin ma abin da yake faɗa ke nan: magana dukiya ce da ake juyawa a ci riba.

Wannan firam na aku mai hana fita dare ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Yana cikin wani tsohon littafin Indiya, *Shuka Saptati*, da ɗan'uwansa na Farisa, *Tutinama*, wanda Nakhshabi ya rubuta a ƙarni na 14. A can, matar aure ce mijinta ya yi tafiya, take son fita wajen kwartonta, aku yake riƙe ta da labari. Irin wannan ba ya shiga ajin yara, balle a Zariya ta 1936. Sai matar ta koma ɗan sarki, kwarto ya koma fagen fama, sha'awa ta koma jarunta. Tun daga ginshiƙin littafin ke nan hannun makaranta ya shiga, ya zaɓi abin da yaro zai ji.

Akwai wani wuri ɗaya da aka bari kamar yadda yake a asali, kuma ni a ganina nan ne zuciyar littafin. Akun yana da mace. Ita Musa ya fara tambaya, ta gaya masa gaskiya tsirara cewa kada ya fita, ya kashe ta nan take. Namijin ya ga abin da ya faru, sai ya canza dabara: bai ce a'a ba, ya ce tsaya ka ji wani labari. Darasin da ke nan ya fi duk karin maganar da ke cikin littafin nauyi. A gaban mai iko, wanda ya faɗi gaskiya kai tsaye ya mutu, wanda ya naɗe ta cikin labari ya rayu har ya samu rawani. Saurayin da ke aiki a ƙarƙashin Bature, a ƙasar da sarakuna ke da kotu da gidan yari, ya san wannan lissafi sarai. Malaminmu na aji ma haka yake yi da yaro mai taurin kai. Labari a hannun aku makami ne na riƙe mutum a inda ake son ya zauna, kuma littafin bai ɓoye haka ba.

Inda gwanintar take

Masu bincike, irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun bi sawun labaran sun nuna inda da yawansu suka fito: *Alfu Laila wa Laila*, tatsuniyoyin Grimm na Jamus, da wasu littattafan Gabas da Turai. Labarin Amjadu da Asadu daga *Alfu Laila* yake. Labarin Sarkin Busa, tushensa mai busar nan na garin Hamelin a Jamus. Wasu abokanmu in sun ji haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce ashe kwafa ya yi. Wallahi wanda ya faɗi haka bai taɓa gwada mai da labarin wani yare zuwa Hausa ba.

Ku ɗauki Kalala da Kalalatu. A wajen Grimm, kuku ce da maigidanta: ta gasa kaji biyu don baƙo, ta cinye, baƙo ya iso ta ce masa wuƙar da maigida ke wasawa dominsa ake wasa ta, baƙo ya ruga, ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji, maigida ya bi shi da wuƙa yana roƙon a bar masa ko guda, baƙo kuwa kunnuwansa yake zaton ana nema. Gidan Bahaushe na wancan zamani ba shi da kuku mace mai albashi. Imam sai ya mai da su miji da mata, ya ba su sunaye masu amsa juna kamar na wasan barkwanci. Da wannan canji ɗaya, labarin ya tashi daga rikicin bawa da ubangida ya koma rikicin cikin gida: kwaɗayi, kunyar baƙo, da abin da mace ke yi in ita ta dafa aka ce wani zai ci. Duk wanda ya tashi a gidan da maza ke cin nama a zaure, mata su jira abin da ya rage, ya san inda dariyar take da inda ciwon yake.

Haka yake yi ko'ina. Ya sa zaure da fada da kasuwa da alƙali a inda babu su, ya sa gaisuwa kafin magana, ya sa karin magana a kan labari kamar hula. Jimlolinsa na tafiya irin ta mai magana: gajeru a jere, "sai" na bin "sai", aikatau na korar aikatau, ba ya tsayawa dogon siffanta ɗaki ko fuska. Shi ya sa littafin ke daɗin karantawa da ƙarfi, har wanda bai yi boko ba ya zauna ya saurara. Gwanintar Imam a kunne take. Ya karanta da ido cikin Larabci da Ingilishi, ya mayar da baki cikin Hausa.

Abin da aka sauke a ƙofar aji

To amma fa wannan ba gatana ba ce. A Agye ko Cadawa ko Tsibiri, in an ce gatana, an san lokacinta da wurinta da mai ita. Dare ne, bayan tuwo, don an ce mai yin ta da rana ɓata yake. Tsakar gida ne ko ɗakin tsohuwa. Mai bayarwa kuwa galibi kaka ce, ko gwaggo, ko amaryar gidan da yara suka taru a ɗakinta. Ba ta farawa sai ta ce gatanan gatananku an amsa mata, wato sai masu saurare sun ba ta izini. A tsakiya akwai waƙa, ita ta bayar yara su karɓa, kuma waƙar ce ke tura labarin gaba: duk sa'ad da ta dawo, an ƙara taku ɗaya zuwa ga Dodo ko zuwa gida. Yaro na iya katse ta ya ce ba haka kika faɗa jiya ba. In ta gama ta rufe da ƙurunƙus, ta nuna cewa duk ƙarya ce aka shara, kowa ya je ya kwanta.

A *Magana Jari Ce* mai magana namiji ne, wurin fada ne, mai saurare ɗan sarki ne ko sarki da fadawansa. Gizo da Ƙoƙi ba su ne ke riƙe da littafin ba. Waƙar amshi ba ita ce ƙashin bayan labari ba. Ƙarshen labari kuma darasi ne da aka ɗaure da karin magana, yadda mushe zai iya tambaya gobe a ba shi amsa guda. A gatana, Gizo na iya yin cuta ya sha lafiya, yara su yi dariya, kowa ya tafi da abin da ya fahimta. A aji ba a barin irin wannan ƙofa a buɗe.

Akwai kuma maganar daga ina ake kallon duniya. Gatanar tsakar gida tana yawan tsayawa a bayan wanda aka raina: ƴar bora, marainiya, auta. Littafin Imam daga fada yake leƙen mutane. Akwai labarin baƙauyen da ƴan birni suka yi wa wayo suka raba shi da dabbobinsa har da tufafinsa. Labarin na da ban dariya, ba musu. Sai dai yaron da ke zaune a aji a Gangara, wanda ubansa ke kai akuya kasuwa a kan jaki, ya san wanene ake wa dariyar.

Wannan gibi bai fara daga Imam ba, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Duba waɗanda aka rubuta labari daga bakinsu tun farko. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai, shi ya ba Schön labaran da suka shiga *Magana Hausa* a 1885. Kundin Frank Edgar mai juzu'i uku, na 1911 zuwa 1913, malamai maza ne suka rubuta masa da ajami. A nan gida ma, Boubou Hama malamin lakwal ne, kuma da Faransanci ya fitar da tarin tatsuniyoyinsa. Yazi Dogo malamin lakwal ne kafin a san shi da wasan kwaikwayo. Kullum wanda ya riƙe alli ko alƙalami shi ke zama mai sana'ar labari, sunansa ya hau bango. Wadda aka ji labarin a bakinta ba ta da suna, ba ta da ko dala. Ibrahim Yaro Yahaya ya rage wannan gibi da jerin *Tatsuniyoyi da Wasanni* a farkon shekarun 1970, inda ya dawo da mabuɗi da marufi da waƙoƙi cikin littafin makaranta. Duk da haka takarda ta ɗauki kalmomin waƙa ne kawai, muryar ta tsaya a gida.

Maganar harshe

Nan ne abin ya fi shafar mu mutanen jihar Maraɗi. Hausar littafi an gina ta ne a kan karin Kano. Mu kuwa a Gazawa da Agye Katsinanci ne a bakinmu, a Tsibiri da kewayenta Gobiranci. Tsohuwa a ƙasar Gobir cewa take "sunka tahi", littafi ya ce "suka tafi". Ta ce "mace ta", littafi ya ce "mace ce". Ta ce "gidanai", littafi ya ce "gidansa". Ta ce "hwaɗi", littafi ya ce "faɗi". Ba wanda zai kasa gane littafin saboda wannan. Haɗarin yana wani wuri: yaro ya shekara shida ana gyara masa "sunka" da jan biro, sai ya fito da imanin cewa Hausar uwarsa kuskure ce. Da can Faransanci ne ke sa shi jin kunyar bakinsa. Kada mu wayi gari Hausar littafi ta karɓi wannan aiki.

Ga kuma abin da rubutun boko ba ya ɗauka ko da wane kari ne. Ba ma rubuta karin sauti, ba ma rubuta tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda. Mai gatana kuwa da waɗannan take aiki. Ta ja wasali don ta nuna nisan tafiya, ta sauke murya in Dodo zai yi magana, ta yi tsamin bakin Gizo inda rago ke komawa "yago". Imam ya san takarda ba ta ɗaukar wannan, sai ya zuba ƙarfinsa a kan abin da take ɗauka: saƙar labari, zance tsakanin mutane, da karin magana. Ya yi daidai da kayan aikin da ke hannunsa a 1936. Mu kayan aikinmu sun fi nasa, ko wace waya a aljihunmu tana ɗaukar murya.

Kuma ba yau aka fara koyarwa da Hausa a Nijar ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, a 1999 kuma aka tsayar da ƙa'idar rubutunmu, wadda ta ba mu harafin ƴ inda ƴan Najeriya ke sa 'y. Ƙa'ida na nan. Abin karantawa mai daɗi, wanda ya fito daga garuruwanmu, shi ne ya yi ƙaranci.

Abin da ya rage gare mu

A karanta *Magana Jari Ce* a makarantunmu, ni ina goyon baya. Amma a gaya wa yaro gaskiyar abin da yake karantawa: hikayoyin duniya ne da wani saurayi malami ya sa wa rigar Hausa, ya kuma iya ɗinki. Kada a ce masa wannan ce gatanar kakanninsa, don in ya yarda da haka ba zai koma gida ya tambaya ba.

Abin koyi a wajen Imam hanyarsa ce. Bai ji tsoron aro ba, kuma bai bar abin aro da ƙamshin gidan da ya fito ba. Mu da ke karanta Faransanci, wasunmu da Larabci, muna iya yin haka da duk labarin da ya burge mu, mu zaunar da shi a kasuwar Cadawa ko a bakin Gulbin Maraɗi, mu faɗi inda muka samo shi. Gwajin kuma ɗaya ne: karanta wa ƙannenka da ƙarfi, in sun fara wasa da ƙasa, koma ka gyara.

Abin da bai samu yi ba kuma shi ne namu. Hutu na zuwa, kowa zai koma garinsu. A nemi tsohuwar da aka sani da gatana, a gaishe ta yadda ya kamata, a gaya mata abin da za a yi da muryarta, in ta yarda a ɗauka tare da yaran da ke amsa mata, don rabin aikin a bakinsu yake. A rubuta da karinta, "sunka" ya zauna "sunka". In ana son na aji, a yi shi daban a ajiye su gefe da gefe, yaro ya ga duka biyun Hausa ne. A sa sunanta da garinta in ta amince. In ɗan littafi irin wannan da ke hannunku ya kawo ko jika guda, a kai mata rabonta.

Aku ya yi dare yana magana aka naɗa shi Waziri, Imam ya yi wata shida yana rubutu sunansa ya zaga ƙasar Hausa, kuma duka biyun sun ci guminsu. Tsofaffin da suka shekara hamsin suna wannan aiki a tsakar gida suna nan da ransu a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kuma kowace shekara raguwa suke. Allah ya jiƙan Malam Abubakar Imam, ya ba mu ikon isa gare su da wuri.